Tsohon injin kafinta da tsatsa ta ci: a gyara shi ko a nemi sabo?

Injin kafinta mai aiki da yawa, wanda zarto da askin katako da huji duk suke a jiki ɗaya, idan ya yi 'yan shekaru a ɗaki mai danshi sai ya fito jawur, hannayen juyi sun ƙage, bel ya bushe ya tsattsage. Mai shi ya ƙosa ya rabu da shi, kai kuma kana tsaye kana wasi-wasi. Hanyoyi uku ne a gabanka. Ko ka kwance shi kaf, kowane noti ya fita, ka mayar da shi kamar ranar da ya baro masana'anta. Ko ka yi masa gyaran aiki, wato ka taɓa abin da ke sa shi yanka daidai ka bar sauran yadda yake. Ko kuma ka haƙura da shi ka sayi sabo.

Yawancin mutane da launin teburin suke yanke hukunci, alhali tsatsa ita ce mafi sauƙin matsala a irin wannan inji. Tsatsa tana kumbura, tana cin wuri ninki da yawa fiye da ƙarfen da ta cinye, shi ya sa ɓawon da ke ba ka tsoro a kan tebur sau da yawa bai taɓa ƙarfen ba sai sama-sama. Abin da ya kamata ya raba maka gardama shi ne abin da kuɗi ba sa sayowa cikin sauƙi: lafiyar ƙarfen zubi, miƙewar shaf, wato sandar ƙarfen da ke juya zarto ko wuƙaƙe, da cikar kayan injin.

Ka fara sanin irin injin da ke gabanka, domin iri biyu ne kuma cutarsu ba ɗaya ba ce. Akwai samfurin Amurka, wanda Shopsmith ya fi shahara da shi. Hans Goldschmidt ne ya ƙirƙiro shi, na farko ya fito a 1947, samfurin Mark V kuma a 1953. Moto ɗaya gare shi, a cikin wani kai da ke zamewa kan bututun ƙarfe biyu, kuma shi ɗin ne ke zama zarto, ya zama injin juya katako ana sassaƙawa, ya zama faifan samfefa, ya huda a kwance, a miƙar da shi tsaye ya huda daga sama. Teburinsa alminiyum ne, saboda haka tsatsarsa tana kan bututun da ƙusoshi. Sai samfurin Turai, irin su Robland na Beljiyam, Felder na Ostiriya, SCM na Italiya, Kity da Lurem na Faransa. Waɗannan akwatin ƙarfe ne mai nauyi, da teburan ƙarfen zubi, ɗauke da zarto, da sashen aske fuskar katako, da na daidaita kauri a ƙarƙashinsa, da shaf mai tsaye na fitar da ado a gefen katako, da sashen fafe rami a gefe. Babba irin Robland X31 moto uku gare shi, faɗin askinsa milimita 310, nauyinsa kuma ya kusa rabin tan. Na farko mutum biyu za su ɗaga shi. Na biyu sai an yi dabarar ɗauka tun kafin a biya kuɗi.

Duba na farko na tsaga ne. Ƙarfen zubi yana ɗauke da kabon kashi 2 zuwa 4 cikin 100, wanda shi ke sa yana shanye rawar inji, ba ya amsa kuwwa kamar gwangwani. Shi ne kuma ke sa ba ya lanƙwasa, sai dai ya karye. Ka tafi da tocila da tsumma mai kananzir. Ka goge kunnuwan da tebur ke ɗaure a kansu, da wuyan da ke riƙe shaf ɗin zarto, da haƙoran da ke ɗaga teburin kauri. Idan akwai tsaga, kananzir zai shige ciki, bayan ka share wurin sai ka ga wani baƙin layi siriri kamar gashi yana sake jiƙewa. Tsaga a ƙafar inji ko a murfi ba komai ba ce. Tsaga a wuyan shaf ko a leɓen teburin aski kuwa, ni a wurina magana ta ƙare. Ana iya yi wa ƙarfen zubi walda da sandar nikel bayan an gasa shi, ko a like shi da tagulla, amma zafin yakan karkata wurin, kuma wurin da ake auna kuskurensa da kashi ɗaya cikin goma na milimita ba ya yafe karkata.

Na biyu shaf. Ka cire zarton, ka juya shaf ɗin da hannu kana kallon bakin faifan da zarto ke jingina da shi. Mai agogon awo zai so ya ga rawar faifan ba ta wuce milimita 0.05 ba. Wanda ba shi da agogo, sai ya kafa tsinin fensir dab da faifan ya juya a hankali, ya ga ko yana taɓawa a gefe ɗaya yana saki a ɗaya. Ƙara ko gurnani a nan bai kamata ya ɗaga maka hankali ba, wannan boris ne, wato zoben da shaf ke juyawa a cikinsa, kuma boris lamba gare shi da duniya ta yarda da ita: 6203 raminsa milimita 17, 6204 milimita 20, 6205 milimita 25. Ka karanta lambar a jikinsa ka sayo sabo. Amma shaf da ya lanƙwashe sai an sassaƙa wani, kuma aikin ba na kowane mai injin sassaƙar ƙarfe ba ne.

Na uku shi ne wanda ya fi cutar mutane, wato kayan da suka ɓata. Inji mai aiki biyar yana da tarkace da ake cirewa ana mayarwa: shingen da katako ke bi, murfin zarto, murfin wuƙaƙen aski, teburin fafe rami da matsensa, teburi mai zamewa, zobban shaf mai tsaye. Waɗannan su ne ake jinginewa a bango idan ana wani aikin, kuma su ne ke salwanta idan inji ya sauya hannu. Idan kamfanin yana raye, kamar Felder da aka kafa a 1956 ko SCM da ya fara a 1952, akwai wurin tambaya, ko da yake ba kowane tsohon samfuri suke ajiye wa kaya ba. Shopsmith Mark V ya daɗe bai sauya siffa sosai ba, don haka tsofaffin kayansa suna yawo a hannun jama'a. Amma inji irin Inca na Suwizalan, da aka daina ƙerawa, shinge ɗaya kawai na iya sa ka jira wata da watanni. Kafin ciniki ya faɗa, ka sa a shimfiɗa maka duk tarkacen a ƙasa, ka ɗaura kowanne a mazauninsa ka gani da idonka. Injin da tsatsa ta rufe amma kayansa sun cika ya fi mai ƙyalli da rabin kayansa suka tafi, nesa ba kusa ba.

Idan ya tsallake waɗannan uku, sai a zo ga cire tsatsar, kuma a nan ma zaɓi ne, domin abin da ya dace da tebur yana lalata wani sashen.

Ga fuskar tebur, babu abin da ya kai hannu. Ka ɗauki reza mai kauri a mariƙinta, ka kwantar da ita sosai, ka tura a kan busasshen tebur. Tsatsar za ta taru a gaban rezar kamar jan gari, a bayanta kuma ƙarfe mai ruwan toka ya bayyana, wani lokaci har da layukan da injin masana'anta ya bari. Daga nan sai kananzir da soson goge ƙarfe, ko samfefa mai lamba 320 zuwa 400 a naɗe a jikin katako mai fuska a miƙe, ana bin teburin gaba ɗaya da tsawonsa, ba a tsayawa a wuri guda. Baƙaƙen tabo da ƙananan ramuka za su rage. Ka bar su. Katako a kan tudun yake tafiya, ramin bai shafe shi ba. Wanda ya ɗauko giranda don ya ga ƙyalli zai samu ƙyallin, amma ya yi wa tebur kwari da ba ya gyaruwa sai an kai shi an sake share fuskarsa a babban inji. Feshin yashi ma haka, a bar shi ga ƙafafu da murafe.

Ga ƙananan kaya, noti da sukuru da hannayen juyi, jiƙawa ta fi. Ruwan khal, mai tsami wajen kashi 5 cikin 100, yana cin tsatsa cikin kwana ɗaya ko biyu, sai dai ba ya bambance tsatsa da ƙarfe, idan ka manta da kaya a ciki za su fito da kaushi, zaren noti ya yi sako-sako. Dole a ɗauraye da ruwan soda a busar nan take, in ba haka ba kafin awa ɗaya wata sabuwar tsatsa ta hau. Ruwan asid ɗin fosforik yana mayar da tsatsa wani baƙin ɓawo da fenti ke kamawa, don haka ya dace da wurin da za a fenta, bai dace da wurin da ƙarfe ke zamewa a kan ƙarfe ba. Akwai kuma ruwan da aka haɗa musamman, irin Evapo-Rust, wanda ke kama tsatsa ya ƙyale ƙarfen. Ya fi aminci, illarsa tsada idan abin da za a nutsar babba ne. Asid mai ƙarfi irin haidirokulorik kuwa kada ya shigo wurin aikin ma, tururinsa kaɗai yana sa duk ƙarfen da ke ɗakin ya yi tsatsa.

Ga manyan sassa masu lungu da saƙo, irin wuyan zarto da akwatin ɗaga tebur, cirewa da lantarki ita ce gwana. Robar ruwa babba, cokali ɗaya na sodar wanki a kowace lita 4, da cajar batir mai bolt 12. Baƙar waya a jikin abin da ake wankewa, jar waya a jikin wani tsohon ƙarfe da ba a so, kada su taɓa juna. Idan aka juya wayoyin, kayanka ne zai narke maimakon tsohon ƙarfen. Bayan 'yan mintoci za ka ga ƙananan kumfa suna tasowa daga jikin kayan, zuwa safiya saman ruwan ya yi jan datti, kayan kuma ya fito da baƙin shafi da buroshi ke cirewa. Ba ta cin lafiyayyen ƙarfe, kuma tana ɗaga tsohon fenti. Sharuɗanta dai ba na wasa ba ne. Kumfar iskar haidirojin ce, tana kamawa da wuta, sai a fili. Ba a sa ƙarfen da ba ya tsatsa a jar waya, domin yana sakin guba a ruwan. Alminiyum ba ya shiga, sifirin ma gara a cire shi don yana iya yin gautsi. Wasu cajojin zamani ba sa tashi idan ba su ji batir ba, tsohuwar caja ta fi yin aikin.

Da zarar ƙarfe ya fito tas, a shafa masa kakin gogewa a ranar, wanda babu silikon a ciki. Silikon yana bin katako, daga baya fenti ko banish ya ƙi kwanciya a wurin.

To, tsakanin kwancewa kaf da gyaran aiki fa? Kwancewa kaf tana da riba ta gaskiya: za ka ga kowane lungu, ka cire busasshen giris da ya haɗu da garin katako ya daskare, ka san injinka ciki da bai. Amma ita ce hanyar da ta fi kashe injuna. Mutum ya kwance komai cikin mako guda da zafin nama, aiki ya taso masa, bayan wata shida ya dawo ya tarar da bokitai cike da noti, ya rasa wanne ne na ina. Akwai kuma ƙananan ganyayyakin ƙarfe da masana'anta ke cusawa ƙarƙashin teburan aski don su daidaita, idan suka zube ba ka lura da mazauninsu ba, daidaita teburan zai cinye maka kwanaki. Tsofaffin injunan Ingila, irin na Wadkin, da yawa zarensu na Whitworth ne, mai kusurwa digiri 55, na awon milimita kuwa digiri 60, ka tilasta ɗaya a ramin ɗaya ka kashe zaren. Notin zarto a wasu injuna ma zarensa na hagu ne, mai ƙoƙarin kwancewa yana ƙara ɗaurewa bai sani ba. Sannan tsohon fenti na iya ɗauke da dalma mai guba, Amurka ma sai a 1978 ta hana sa dalma a fentin gidaje, don haka goge shi a bushe ba tare da abin rufe hanci na kirki ba ganganci ne.

Gyaran aiki shi nake ba yawancin mutane shawara. A share teburan, a sauya boris da bel, a wanke hanyoyin zamewa, a wasa wuƙaƙe, a duba wuta, a daidaita. Sashe ɗaya a lokaci ɗaya, a ɗauki hoto kafin a cire kowane abu, kayan kowane sashe a ledarsa da rubutu. Fenti ya jira. Idan ka yi wata uku kana yanka da shi za ka san ko ya cancanci fentin. Kwancewa kaf ta fi dacewa da injin da ruwa ya taɓa shanyewa, ko wanda komai nasa ya ƙage har ba abin da ke motsi. Mai Shopsmith ya kula da abu guda: ba a juya maɓallin saurinsa sai shaf yana juyawa, wanda ya murɗa shi da ƙarfi inji na tsaye yana iya lalata kayan ciki.

Wuta ita ce inda lissafi ke iya juyewa. Ka karanta farantin da ke jikin moto. Manyan injunan Turai da yawa fes uku suke ci, bolt 380 zuwa 400. Idan fes ɗaya gare ka, ko ka sauya moto, wanda a inji mai moto uku ba ƙaramin aiki ba ne, ko ka sa na'urar da ke mayar da fes ɗaya uku, ita ma sai moton ya yarda a ɗaure shi a bolt 230. Moton Amurka da aka yi don bolt 120 da zagaye 60 a daƙiƙa, idan aka ba shi wuta mai zagaye 50, saurinsa zai ragu da kashi ɗaya cikin shida, kuma yakan fi ɗaukar zafi. Moton da ke gurnani ya ƙi tashi sai an tura shi, galibi kafasita ce, abu mai sauƙi. Mai warin ƙuna kuwa sai an sake naɗa koyil. A sa mai aikin lantarki ya auna ko wuta na zurarewa zuwa jikin ƙarfe, a zubar da tsofaffin wayoyi masu fashewar roba, a ɗaura wayar ƙasa. A kuma sa makunni irin wanda ba ya tayar da inji da kansa idan wuta ta ɗauke ta dawo.

A nan ne sabon inji yake da hujja mafi ƙarfi, kuma ban ga amfanin ɓoye ta ba. Sababbin injunan Turai suna zuwa da birki da ke tsayar da zarto cikin daƙiƙa 10, da wuƙar da ke bayan zarto tana hana katako matse shi ya wurgo maka, da murafe masu kyau, da bakin zuƙe ƙura. Tsoho yana iya rasa duka. Wasu ana iya ƙarawa: wuƙar bayan zarto ana yanko ta daga farantin ƙarfe, kaurinta ya fi jikin zarton kaɗan amma bai kai faɗin yankan haƙoransa ba. Wasu kuwa ba a sasantawa da su. Idan gungumen da ke riƙe wuƙaƙen aski mai kusurwa huɗu ne, ba zagayayye ba, kada ka kunna shi, yana buɗe gibi da ke jan hannu ciki. Tsofaffin kawunan shaf mai tsaye, masu riƙe wuƙa da matsi kawai, a ajiye su a sayi na zamani masu tambarin MAN, waɗanda aka yi don turin hannu. Ƙananan haƙoran da ke bakin sashen kauri, masu hana katako dawowa baya, dole kowanne ya riƙa faɗowa da kansa. Tsatsa takan manne su wuri guda, kuma mutane suna mantawa da su saboda ba a ganinsu daga sama.

Sai dai sabo ma kala-kala ne. Sabo mai kyau, na ƙarfen zubi, kuɗinsa ya ninka na tsoho da gyaransa sau da yawa. Sabo mai araha kuwa, wanda kuɗinsa ya yi kusa da abin da za ka kashe a gyara, galibi jikinsa falle ne, shingensa yana motsi idan ka jingina katako, teburansa ba sa riƙe saiti. Tsakanin wannan da tsohon da ya tsallake dubawar tsaga da shaf da cikar kaya, tsohon nake ɗauka ba tare da jinkiri ba. Amma wanda aiki ke jiransa a makon nan, ko wanda bai taɓa riƙe sifana ba kuma ba ya sha'awar koyo, ko mai yara masu koyon sana'a da za su riƙa taɓa injin, sabo mai cikakkiyar kariya ya fi masa, ko da ƙarami ne.

Akwai kuma tambayar da ta sha gaban duka: shin inji mai haɗe-haɗe kake bukata? Amfaninsa wuri. A ɗaki ɗaya ƙarami, mutum ɗaya yana samun aikin injuna biyar. Farashin hakan shi ne sauyi. Ka saita zarto, ka tuna akwai katako ɗaya da ba ka aske ba, sai ka kwance saitin ka ɗaga tebur, ka dawo ka sake aunawa. Mai aiki shi kaɗai, mai tsara aikinsa kashi-kashi, ba zai damu ba. Inda mutum biyu ko uku ke aiki tare kuwa, ɗaya zai riƙa jiran ɗaya, kuma ranar da injin ya tsaya komai ya tsaya. Irin wannan wuri zarto daban da injin aski daban sun fi, ko da tsofaffi ne su ma.

Idan ka zaɓi gyara, ranar kunnawa ta farko ka cire zarto da wuƙaƙe duka. Ka bar shi ya yi gudu haka nan na minti goma, ka kashe, ka dafa mazaunin boris: ɗumi ba laifi, zafin da hannu ba ya jurewa alama ce an matse shi ko bai zauna daidai ba. Sai ka mayar da wuƙaƙen aski, ka ɗora miƙaƙƙen katako a teburin da katako ke fita ta kansa bayan aski, ka juya gungumen da hannu, wuta a cire. Kowace wuƙa ta ja katakon gaba milimita 2 zuwa 3, a dama da hagu daidai wa daida. Ka bi notin matse wuƙa ɗaya bayan ɗaya sau biyu, ka mayar da murfi, sannan ka tura katakon gwaji mai laushi, kana tsaye a gefe ba a bayansa ba.